Daga Excel zuwa manhajar ma'aikata: yadda muka yi a Yamai da Tawa

Ma'aikata 84 ne a takardar albashinmu lokacin da muka fara wannan aiki a ƙarshen 2023: 61 a Yamai, 23 a reshen Tawa, ban da leburorin sauke siminti da ake sallama kullum da yamma. Shekara da shekaru fayil ɗin Excel guda ne ke riƙe da albashin kowa, kuma mutum ɗaya tak ya san lissafin da ke ƙarƙashin kowane gida na fayil ɗin. In ya kwanta zazzaɓi ranar 27 ga wata, kowa ya kwanta. Shi ya sa mai gida ya ce a nemo manhaja, wadda a biro muke ce wa lojisiyel, aka ɗora mana neman ni da kwantable, wato mai lissafin kuɗinmu.

Kasuwar tana da faɗi, amma in ka tsaya a Yamai ka dube ta sai ta rabu gida huɗu. Akwai manya irin su SAP SuccessFactors, Workday da Oracle, waɗanda aka gina domin kamfanoni masu dubban ma'aikata a ƙasashe da yawa. Inda ka gan su a nan, galibi babban ofishin kamfanin da ke waje ne ya zaɓa, ba mutanen Yamai ba. Akwai Sage, wadda yawancin kwantable na ƙasashen renon Faransa suka saba da ita, kuma wannan sabo kuɗi ne, domin in naka ya tafi za ka sami wani da ya iya. Akwai buɗaɗɗun manhajoji da kowa ke iya ɗauka ya gyara, kamar Odoo ta Beljiyam, ERPNext ta Indiya da OrangeHRM. Na huɗu su ne waɗanda samarinmu na gida ke rubutawa da kansu. Mun kalli nuni guda shida daga gidaje ukun ƙarshe. Duka sun yi kyau a allo: hoton ma'aikaci, jadawali mai launi, neman konje, wato hutun aiki, ta salula. Mai gida ya kalli na farko ya ce, "To, Malam, wannan ai ya yi, a saya mana." Na ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri kwana biyu, ba mu ga bilten ko ɗaya ba tukuna."

Abin da ya raba mana gardama shi ne biltan uku, wato takardun albashin wata, da muka lissafa da hannu, muka riƙe amsar, muka ba kowane mai sayarwa tambayar kaɗai ya fitar a gabanmu. Na farko direba mai albashin jika 200 da ƴaƴa biyar. Na biyu shugaban sashe mai sefa 700,000. Na uku sabon ma'aikaci da ya kama aiki ran 18 ga wata, ya kuma karɓi abansi, wato wani abu daga albashinsa kafin ƙarshen wata. Cikin shida, biyu ne suka dace da amsarmu. Sauran suka ce ai wannan "saiti ne kawai, za a yi bayan an sa hannu". Wannan saitin shi ne kayan da kake saye. Manhajar da aka rubuta a Turai ko Indiya ba ta san CNSS ba (asusun fansho da tallafin ma'aikata na Nijar), ba ta san ITS ba (harajin albashi), sai wani ya zauna ya koya mata layi bayan layi. Saboda haka tambayar da ta fi farashi muhimmanci ita ce: wa zai yi saitin, yana Yamai ko yana nesa, kuma wa zai sake shi ranar da doka ta sauya?

Ga inda suka faɗi. Kason ma'aikaci na CNSS kashi 5.25 ne cikin 100, na mai aiki kuma 16.40, wanda ya haɗa 8.40 na tallafin iyali, 1.75 na haɗarin aiki da 6.25 na fansho. A kan jika 200, ana cire wa direba sefa 10,500, kamfani ya ƙara 32,800 daga aljihunsa. Wannan kowa ya samu. Amma akwai rufi: ba a lissafa kason a kan abin da ya haura sefa 500,000 a wata. Mai 700,000 sefa 26,250 za a cire masa. Manhajar da ba a sa wa rufin ba ta cire 36,750, wato an zalunci mutum 10,500 kowane wata, kuma kamfani ma ya biya fiye da abin da ke kansa. Ban da wannan akwai kason ANPE, hukumar samar da aikin yi, da mai aiki ke biya, wanda biyu daga cikin masu nunin suka manta da shi ɗungum.

Harajin albashi, ITS, ya fi wannan tarko. Hawa-hawa ne, mataki tara daga kashi 1 zuwa kashi 35, kuma kowane mataki a kan yankinsa kawai ake lissafa shi. A jadawalin da muka yi aiki da shi, in abin da haraji ya hau kansa sefa 120,000 ne, to 25,000 na farko kashi 1 ne (250), 25,000 na biyu kashi 2 (500), 50,000 na gaba kashi 6 (3,000), 20,000 da suka rage kashi 13 (2,600). Jimilla 6,350, kafin rangwamen iyali. Wanda ya buga kashi 13 a kan duka kuɗin zai fitar da 15,600. Sannan jerin lissafin ma doka ne: a fara cire kason CNSS na ma'aikaci da rangwamen da doka ta bayar, a hau matakan, kana a yi rangwamen iyali gwargwadon mutanen da yake ɗauke da su, har bakwai. In aka juya jerin, bambancin kaɗan ne a bilten guda, shi ya sa ba a lura, sai mai binciken haraji ya tara na shekara uku. Kowane alawus kuma, na sufuri, na gida, na tafiya, sai an yi masa tambaya biyu dabam: CNSS ta hau kansa? ITS ta hau kansa? Amsoshin ba kullum suke tafiya tare ba. Mun rubuta su a takarda ɗaya, mai ba mu shawara kan haraji ya sa hannu, sannan aka shigar.

Mun ɗauki ɗaya daga cikin buɗaɗɗun, muka ɗora ta a kwamfutar da ke cikin biro, ba a intanet ba. Lokacin ne ya zaɓa mana. Takunkumin CEDEAO da UEMOA da aka ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 bai ɗage ba sai a watan Fabrairu 2024, kuma a wannan tsakanin aika kuɗi waje ya zama wahala. Manhajar da ke kan intanet abonma ce: ba ka biya ba, ƙofa ta rufe, albashin mutane na ciki. Wanda zai bi wannan hanya ya duba kuɗin da ake cajinsa da shi. Yuro ɗaure yake da sefa a 655.957, kasafinka ba zai motsa ba. Dalar Amurka kuwa hawa da sauka take. Ya tambaya kuma yadda ake ƙirga "kai": wanda ya bar aiki yana cikin lissafi? Lebura na kwana uku fa? A tayin da aka ba mu guda, leburorin kaka ɗaya sun isa su ninka kuɗin wata. A lura kuma ko TVA, harajin kaya na kashi 19, tana cikin farashin da aka faɗa ko a kai za a ɗora.

Saitin ya ci kwana goma sha biyu. Gyaran bayanan ma'aikata ya ci mako bakwai, kuma ba wanda ya sa shi a kasafi.

Sunaye ne farko. Mutum ɗaya Mahamadou ne a katin ɗan ƙasa, Mahaman a katin CNSS, Mamane a banki. Akwai ma'aikata uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, biyu a Yamai ɗaya a Tawa, kuma mun gano an taɓa cire abansin wani daga albashin wani. Dokar da muka kafa ita ce sunan da ke katin ɗan ƙasa shi ake rubutawa harafi da harafi, kowa kuma a ba shi lambar aiki da ba za a sake ba wani ba ko bayan ya tafi. Manhajar da lamba take gane mutum, suna ado ne a wurinta. Sai ranar haihuwa. Dattawa da yawa takardarsu shekara kawai ta nuna, "wajen 1966", ba rana ba wata, manhaja kuwa ba ta karɓar gida babu komai. Mun sa musu 1 ga Janairu, muka ƙara wani gida da ke nuna cewa ranar ƙiyasi ce, domin ranar da manhaja ta ce mutum ya cika 60 a koma ga abin da ke fayil ɗinsa na CNSS kafin a yi masa maganar ritaya. Ƴaƴan da ake yi wa rangwamen haraji ma sai da muka nemi takardun haihuwa. Wasu sun girma sun yi aure suna nan a lissafi, wasu an haife su ba a taɓa shigar da su ba, uban yana ta biyan harajin da ba nasa ba.

Excel ma ta yi mana nata. Lambar asusun banki a yankin UEMOA gida 24 ce: 5 na banki, masu farawa da NE a Nijar, 5 na reshe, 12 na asusu, 2 na makulli. In ba a mai da layin rubutu ba tun kafin a shigar, sifilin da ke gaba sai ya ɓace, kuma duk lambar da ta wuce gida 15 ana mai da ƙarshenta sifili ba tare da gargaɗi ba. Asusu tara muka samu haka. Kwanan wata kuma, kwamfuta ɗaya tana kan tsarin Faransa, ɗaya tana kan na Amurka: 03/04 a nan 3 ga Afrilu ne, a can 4 ga Maris. Sha biyun farko na kowane wata ne kawai ke juyewa, saboda haka fayil ɗin yana shiga lami lafiya, sai ka ga ladan daɗewa a aiki ya fara wa mutum kafin lokacinsa ko bayansa. Maganin shi ne a shigar da mutum goma tukuna, a buɗe su ɗaya ɗaya a gwada da takarda, kana a saki sauran.

Konje ya kusa jawo faɗa. Dokar aiki ta 2012, mai lamba 2012-45, ta ba ma'aikaci kwana biyu da rabi na kalanda a kowane watan aiki, wato 30 a shekara. Manhajar a yadda ta zo kwanakin aiki take ƙirgawa, tana tsallake Asabar da Lahadi, don haka wanda ya ɗauki mako biyu kwana 10 take cire masa maimakon 14. Wannan gyaran minti biyar ne in ka gano. Abin da ya fi wuya shi ne ragowar kwanakin kowa kafin ranar farawa, domin rabinsu a bakin shugabannin sashe suke. Mun buga wa kowa takarda da adadin da muke gani, ya duba, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Goma sha ɗaya sun yi gardama, an zauna da wakilan ma'aikata an daidaita. Hutun haihuwa na mako 14 muka buɗe masa layi nasa, kada ya ci konjen mace. Ranakun hutu kuma ba a barin su ga manhaja: 1 ga Mayu, 3 ga Agusta da 18 ga Disamba suna nan inda suke, amma Ƙaramar Salla, Layya da Mauludi sai an ga wata an sanar, wani ya shiga ya rubuta da hannu kafin a rufe lissafi. In ba haka ba, ma'aikata duka su fito a matsayin waɗanda suka yi fashi, mai gadin da ya yi aiki ranar kuma ya rasa ƙarinsa. A 2024 ma an ƙara 26 ga Yuli cikin ranakun hutu, kalandar da aka saita a Janairu ba ta san da ita ba.

Na'urar dangwala yatsa, wadda ake yi wa kirari a kowane nuni, a biro ta yi aiki, a magaza ta ƙi. Hannun da ke ɗaukar siminti da bulo zanen yatsansa ya shafe, lokacin hunturu kuma fata ta bushe ta tsattsage. Mun yi wa kowa rajistar yatsa uku daga hannu biyu, waɗanda abin ya ƙi duk da haka muka ba su kati. Kati kuwa ana ba aboki ya dangwala, wannan sai idon shugaban magaza. Agogon na'urar ya taɓa komawa baya bayan doguwar ɗaukewar wuta, kwana biyu kowa ya "iso aiki" da tsakar dare. Tun daga nan duba agogon ya zama aikin farko na safiyar Litinin. Masu gadin dare suna shiga ƙarfe 7 na yamma su fita 7 na safe, manhajar tana ganin shiga ba fita yau, fita ba shiga gobe, sai an gaya mata cewa wannan zubin yana tsallake tsakar dare. Direbobin da ke bin hanyar Dosso, Dogon Dutsi da Ƙonni zuwa Tawa, sama da kilomita 500, mun cire su daga na'urar gaba ɗaya, takardar tafiya ce shaidarsu. Ra'ayina a nan ba ya sauyawa: kada a bar na'ura ta yanke albashi kai tsaye. Ta kawo rahoto, shugaban sashe ya duba ya amince, sannan ya shiga lissafi. Awa 40 ne makon aiki a doka, abin da ya haura yana da ƙari, kuma kuskuren agogo a nan kuɗi ne ta kowane ɓangare.

Nuwamba da Disamba mun yi albashi sau biyu, a Excel da a manhaja, ana biya da na Excel. Kowane bambanci, ko na dala ɗaya, sai an san dalilinsa. A watan farko biltan 31 ne suka saɓa. Yawancinsu saboda manhajar tana riƙe ɗigo biyu bayan lamba alhali sefa ba ta da ƙananan kuɗi, sai aka saita ta ta cike a kowane layi, ba a jimilla kaɗai ba. Shida kuwa Excel ce ta yi kuskure, ba manhajar ba: wani lissafi da aka ja ƙasa shekarun baya ya tsallake layi. A wata na biyu saura huɗu. Mun fara na gaske a Janairu 2024, da gangan, domin jimillar shekara ta tashi daga sifili. Wanda ya fara a tsakiyar shekara sai ya ɗebo jimillar watannin baya ta kowane ma'aikaci ya zuba, in ba haka ba takardun ƙarshen shekara ba za su cika ba. Daga baya kuma albashi mafi ƙanƙanta ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000. Da yake mun nace a ajiye irin waɗannan lambobi a teburi guda mai ranar farawa, ba a binne su cikin lissafi ba, kwantable da kansa ya sauya. Ranar farawar tana da amfani na biyu: in an sake buga bilten ɗin watan da ya gabaci sauyin, da tsohon adadi zai fito.

Haɗa albashi da littafin kuɗi bai ba mu wahala ba, tunda SYSCOHADA, tsarin littafin kuɗi da kamfanonin yankinmu ke bi, ya riga ya shata gidajen: 661 albashi, 664 kason mai aiki, 422 abin da ma'aikata ke bi, 421 abansi, 431 CNSS, 447 harajin da aka riƙe. Abin dubawa guda ne, bayan an biya, 422 ya koma sifili. Abansin Salla kuwa a shigar da shi a matsayin bashi mai wa'adi, nawa ne, wata nawa, yaushe zai ƙare, domin manhajar ta tsaya da kanta, ta kuma nuna ragowar in mutum zai bar aiki. Biyan kansa hanya uku ne a wurinmu: banki, kuɗin salula irin Airtel Money, da hannu ga waɗanda suka fi son haka. Jimillar ukun dole ta yi daidai da jimillar biltan kafin Alhaji ya sa hannu. Sauya lambar asusu ko ta salula kuma ba a yin sa ta waya, sai mutum ya zo da kansa da takarda, wani ya shigar, wani dabam ya tabbatar.

A makon farko mun yi sakaci, aka buɗe wa shugaban reshen Tawa duka fayil maimakon mutanensa 23, kafin la'asar albashin kowa ya zaga gari. Laifinmu ne, mun kwafi izinin kwantable muka ba shi don sauri. Yanzu kowa da kalmar sirrinsa, shugaban sashe yana ganin konje da halartar mutanensa kawai, albashi mutum uku ke gani. Zanen yatsa, lambar asusu da takardun likita bayanan sirri ne, kuma akwai hukumar HAPDP da ke kula da kare su a Nijar. A nemi sanin abin da take buƙata tun kafin a kafa na'urar, musamman in bayanan za su zauna a kwamfutar da ke wata ƙasa.

Ajiye manhaja a biro yana nufin wuta da zafi da ƙura sun zama naka. Kwamfutar tana kan ondilar mai riƙe ta kamar minti ashirin, isasshe a kashe ta cikin tsari ko a tada gurup, wato injin wuta, kuma batirinsa ba ya daɗewa a zafin Afrilu. Tawa tana shigowa ta intanet, ranar da layi ya yanke suna cika takarda su shigar daga baya, shi ya sa muka sa ranar 20 ga wata ta zama ranar rufe karɓar sauyi, abin da ya zo bayanta ya jira wata mai zuwa. Kwafin ajiya kullum da dare, faifai biyu ana musanyawa, ɗaya ba ya kwana a ginin. Sau ɗaya a wata uku muna zuba kwafin a wata kwamfuta mu buga bilten guda daga ciki. A gwajin farko fayil ɗin ya fito babu komai: faifan ya cika tun mako biyar da suka wuce, ba wanda ya duba.

A kontirar da muka sa wa hannu da mai saitin, layi uku muka tsaya a kansu har ya yarda: sauyin doka yana cikin kuɗin kulawa na shekara, da adadin kwanakin da zai yi shi, daga 25 ga wata zuwa 5 ga na gaba zai amsa kira a ranar, kuma duk lokacin da muka so za mu fitar da bayananmu gaba ɗaya a fayil da Excel ke buɗewa, tare da rubutaccen bayanin kowane lissafi da ya saka. Mutum biyu aka horar a kan albashi, suna karɓa-karɓa wata bayan wata. Haɗa albashi da ke cin kwana huɗu yanzu yini ɗaya ne da rabi, rabin nan kuma na dubawa ne. Sashen ɗaukar ma'aikata da na auna ƙwazo, waɗanda suka fi ɗaukar ido ranar nuni, har yau ba mu buɗe su ba.